ƘAFAR BABA JIBO

Shafi na 23

Masu cewa A'ishatu ta cika sanyi, wai ta yaya ma'aikaciyar jinya za ta zauna bandeji na ɓacewa a akwatinta wata da watanni ba ta tuhumi mijinta ba, na ji ku. Har wata ta rubuto mini cewa da ita ce da tuni ta kwance wa Rabilu zani a kasuwa. To sannu jaruma. Ga A'ishatun nan ta iso Tsarnawa, sai ku gyara zama. Ni dai wannan shafin ban rubuta shi da daɗin rai ba.

*

A bayan rumbu ta samu uwar mijinta.

Inna Delu na tsugune gaban wata tsohuwar tasa, ta juya wa gida baya, tana cuɗa wasu fararen ƙyallaye da sabulu. Ƙudaje sun yi mata rumfa. Ruwan tasar ya rine, ba ja sosai ba, ba baƙi sosai ba.

Warin ne ya tsayar da A'ishatu. Shekara shida ke nan tana aiki a gidan likita na Konni, hancinta ya san warin ƙuna, ya san na gyambo, ya san na maruru in ya fashe. Wannan daban ne. Sau biyu ta taɓa jin irinsa, kuma duk mutum biyun ba su koma gida da rai ba.

"Sannu da aiki, Inna."

Tsohuwar ta zabura, ta jawo faifai ta kife a kan tasar.

"Uwani? Yau Laraba hwa."

"Laraba ta, Inna."

"Lahiya kinka zo ba ranakki ba?"

Uwani suke ce mata a gidan, don sunan mahaifiyar Baba Jibo, uban mijinta, gare ta, ba mai iya kama sunan gatsal. Ran Lahadi take zuwa gaishe su, duk sati, shekara bakwai ke nan tun aurenta da Rabilu. 'Yan shekarun nan kullum ta iso sai ta tarar an turara zaure da ɗakin Baba da turaren wuta, har hayaƙi na sa mutum tari. Tana jin daɗi a ranta, tana cewa karrama ta ake yi. Yau ta faɗa motar kasuwa ba ta gaya wa kowa ba, ta iso da azahar, ba ta tarar da turare ko ɗis ba.

Ta tsuguna ta ɗaga faifan da kanta.

"Wanga bandejina na."

"Ƙyalle na, ɗiyata. Ƙyalle ai kama shike da ƙyalle."

"Ni niy yanka shi da almakashina, ni nin naɗe shi. Wa ad da ciwo gidan ga, Inna?"

"Akuya ta. Kare yac cije ta."

Allah sarki Inna Delu, ƙarya ma sai wanda ya iya. Akuyar na ɗaure a turke, taku biyar daga inda suke, tana tuƙa, ƙafafunta huɗu garau, har ta ɗago kai tana kallonsu.

A'ishatu ta dubi akuyar, ta dubi Inna. Inna ta sunkuyar da kai, ruwan tasa na ɗiga daga yatsunta.

Sai ga ƙarar babur a ƙofar gida.

Rabilu ne. Kabu-kabu yake yi tsakanin Konni da bakin iyaka, kuma da safe ya ce mata yau fasinja za su yi yawa, kar ta jira shi cin rana. Ya shigo da sauri da ƙunshi a hannu.

"Inna, ga na yau, ki yi maza ki..."

Ya ga matarsa. Ya ja ya tsaya.

"Miƙo," in ji A'ishatu.

Bai miƙa ba, ita ta zare daga hannunsa. Bandeji naɗi uku ne, da kwalbar jan maganin da ta nema da safe ta rasa.

"Mi kike yi nan?" ya ce.

"Abin da kake yi niz zo gani."

"Wa yab ba ki izni ki hito?"

"Rabilu, ba mu kai nan ba tukun. Wata takwas kana ɗibar kayan aikina. Na yi shiru, na ce ko wani abokinka na ya hwaɗi da babur kuna ɓoye ma jandarma, in ka gaji ka gaya mani. Yanzu na iske su hannun Inna. Wa ad da ciwo?"



Daga ɗakin da ke jikin zaure aka yi tari, dogo, busasshe, irin wanda mutum ke ƙoƙarin dannewa da hannun riga.

"Baba na," ta ce a hankali.

Rabilu ya samu kifaffen turmi ya zauna, ya dafe kai.

"Ya sa ni rantsuwa da Alƙur'ani."

"Kai yas sa. Ke hwa, Inna?"

"Ni bai sa ni ba. Ya san ba ni hwaɗi."

"Tun yaushe?"

Inna ta dubi ɗanta, ɗanta ya dubi ƙasa.

"Damana ukku ke nan," in ji Inna. "Ɗan tabo na baƙi, ƙasan ƙahwa, gindin ƙaramin yatsa. Bai kai ƙwayar wake ba. Munka ce ƙaya ta ta karye ciki. Dogo wanzami yaz zo yat tsaga, bai iske komi ba. Wurin ya rufe, ya sake tasowa ya hi da girma. Yas sake tsagawa. Na ukku sai yag gasa ƙarhe yay yi mashi sakiya."

A'ishatu ta runtse ido.

"Ba ku kai shi likita ba?"

"Mun kai shi," in ji Rabilu. "Can gabas, asibitin Nasara. Ranar da nic ce maki za mu gaisuwar mutuwa Malbaza."

"Har da goro nib ba ka ka kai masu."

"Kin ba ni."

"Ina ji."

"Lokotoro, babban likitan, yad duba, yay yanki ɗan nama kamar ƙwayar gero, yac ce a komo bayan wata guda. Baba yac ce shi ba shi komawa, sharar gona ta taso. Ni kaɗai nik koma. Mai taga, akawun asibitin, yab ba ni takarda cikin ambulan, yac ce in kawo shi maza, aiki za a yi mashi."

"Kag ga lokotoron?"

"Mutane sun yi yawa. Kuma da nij ji an ce aiki, jikina ya mutu."

"Wane aiki?"

"Wane aiki aka ma ƙahwa in ba yankewa ba? Ba ki san Tanimun ba? Da gyambo yat tahi, da sanda yad dawo. Yau gonarshi wasu ka noma ta, shi yana gindin bishiya shina kore kaji."

"Kuma mutane sunka ce in ciwon daji na, ba shi son allura," in ji Inna. "Ana taɓa shi da allura shi haukace. Sai munka koma ma sassaƙe."

Wannan maganar ta allura A'ishatu ta ji ta har ta gaji a wurin aiki, ba ta taɓa zaton za ta ji ta a bakin mutanen gidanta ba.

"Takardar mi tac ce?"

"Ba mu buɗe ba."

"Ba ku buɗe ba."

"Nasaranci na ciki," in ji Rabilu. "Wa za shi karanta?"

Ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa. Mutumin nan shi ya yi ta kai ta makarantar jinya a bayan keke kafin ya samu babur. Shi ke kawo mata wasiƙun abokansa da takardun buro, wato na ofis, tana karanta musu a tsakar gida, yana tsaye yana taƙama matarsa ta iya.

"Wa za shi karanta," ta maimaita.

"Baba yac ce a kai ma kowa ban da ke. Ni kuwa in na kai ma mushen lakwal, malamin makarantar boko, kahin magariba gari dut ya ji an ce za a yanke ƙahwar Jibo. Sai nic ce bari a yi kaka tukun. Anka yi kaka, ciwon ya ɗan lahwa. Anka sake damana..."

"Kar ki ga laihinshi shi kaɗai," Inna ta katse shi. "Takarda ta ta jikin surukinki, Uwani. Mu ba mu san abin da sunka rubuta ba. Sun shiga da shi ɗaki, sun tuɓe shi, sun duba ko'ina. Ya za a yi ki zauna ki karanta jikin uban mijinki? Da wane ido za shi dube ki bayan nan?"

Har ga Allah Inna take faɗa, ba wai neman mafaka take ba. Abin da ya fi ƙona wa A'ishatu rai ke nan.

"Tana ina?"

Inna ta goge hannu a zaninta ta shiga ɗaki. Aka ji ƙarar kwalla, ana sauke wata daga kan wata. Ta fito da ƙullin tsohon kallabi, ta kwance. Ambulan ce, ta yi ja-ja don daɗewa, tana ƙanshin kanumfari. Bakinta a liƙe kamar ranar da aka liƙe shi.

A'ishatu ta yage.

Layi tara ne kawai, da hatimi a ƙasa. Idonta ya fara sauka kan kwanan wata. Watan uku, shekarar 1989. Yau kuwa ana cikin watan goma na 1991, ga gero nan an gama ɗaurewa.

Ta karanta sau ɗaya. Ta sake karantawa, leɓɓanta na motsi. Sai ta riƙe takardar da hannu biyu.

"Mi tac ce?" in ji Rabilu.

Idonta na kan takardar.

"Uwani, mi tac ce?"

"Ta ce daji na. Na hwata, baƙin, mai yawo cikin jiki."

Inna ta zauna a ƙasa daɓas.

"Ta ce a kawo shi cikin sati biyu, kar a wuce. Ta ce sun duba gindin cinya, babu kaluluwa, bai tahi ko'ina ba tukun." A'ishatu ta bi layi na gaba da yatsa. "Ta ce a cire ƙaramin yatsa da ɗan naman da ke kewaye da shi."

Rabilu ya ɗago.

"Sai mi?"

"Shi ke nan."

"Yatsa?"

"Yatsa guda, Rabilu. Ƙaramin. Da sati ukku ya koma gonarshi da ƙahwarshi. Da ko ɗingishi ba shi yi."

Rabilu ya dubi takardar. Ya miƙe, ya je jikin rumbu ya kifa goshinsa a kan laka, kafaɗunsa na rawa. Inna kuwa ba ta yi kuka ba. Tasar ta jawo ta ci gaba da cuɗa bandejin, a hankali, kamar wadda ba ta san hannunta na aiki ba.

Ku da kuke jiran A'ishatu ta wanke su tas, ku yi haƙuri. Ta so yi. Maganganun har sun jeru a bakinta. Sai ta tuna safa.

Shekara biyu da wani abu tana ganin ƙafar Baba cikin safa. Cikin bazara, lokacin da ko kare ba ya taka ƙasa da rana, yana zaune a kan buzu da safar ulu, ya ja babbar riga ya rufe. Ta gani. Ai in ka durƙusa ka sunkuyar da kai, ƙafa ce abin da idonka ke fara sauka a kai. Ta gani ta kau da kai, don ba a ƙura wa suruki ido.

Lokacin aurenta matan Tsarnawa sun yi ta faɗa, wai Rabilu ya kwaso 'yar lakwal, 'yan lakwal ba su da kunya, masu aikin likita kuwa har tsiraicin maza suke kallo. Ita kuwa ta ɗaura ɗamarar kunyata su. Ba ta taɓa cin abinci a inda Baba zai gani ba. Ba ta taɓa taka ɗakinsa ba. Daga bakin ƙofa take durƙusawa, a bayan asabari, ta gaishe shi fuskarta a ƙasa. Har aka koma ana ba da misali da ita a gari, uwaye na ce wa 'ya'yansu su koyi kunya a wurin Uwani. Ta ji daɗin wannan yabon ƙwarai, ba za ta ɓoye wa kanta ba.

Kuma Baba Jibo ɗin nan shi ne ya tsaya mata ranar da dangi suka taru a kan ta aje aiki. Magana ɗaya ya yi. Ya ce uwata za ta yi aikinta, wanda bai so ya sha ruwa.

Ta naɗe takardar ta soke a zaninta. Ta ɗauki ƙunshin bandeji da kwalbar. Ta nufi ɗakin.

Inna ta riga ta, da tsufanta da komai, ta tare ƙofa.

"Ina za ki?"

"Ciki."

"Ba a taɓa yi ba."

"Yau za a hwara."

"Ki gaya mani abin da za a sa mashi, ni in sa. Shekara ukku ni ka wanke shi."

"Sai na gani, Inna. Ba a maganin abin da ba a gani ba."

"Mi za a ce Tsarnawa?"

"Su ce abin da sunka saba cewa tun hwarko. 'Yar lakwal ba ta da kunya."

Rabilu ya matso, idonsa jajur.

"Ki bari in shiga in lallashe shi. In kin hwaɗa mashi hakanan, baƙin ciki na iya kashe shi."

"Shekara biyu da rabi kana lallashi. Matsa."

Ta faɗa ne ba da ɗaga murya ba. Ya matsa. Inna ma ta zame jikin bango, ta rufe baki da gefen mayafi.

A'ishatu ta tuɓe takalmi. Ta yi sallama.

"Wa alaikumus salam." Muryar ta fito a hankali. "Uwani ta? Tsaya nan, uwata, ina jin ki. Ya mutanen Konni?"

Kullum haka yake cewa, kullum kuma nan take tsayawa.

Ta ɗaga asabari ta shiga.

Ɗakin da duhu-duhu, da zafi, ga warin ya cika shi har mutum na jin sa a harshe. Buzu, buta, gafaka a rataye, hauya biyu a jingine waɗanda ƙotarsu ta yi ƙura. Baba Jibo na kan gadon kara. Da ya ga mutum a kansa ya yunƙura, ya fizgo bargo ya rufe ƙafar, ya juya fuska bango.

"Subhanallahi. Delu, kina ina? Wa yab bar ta?"

"Ba wanda yab bar ni, Baba. Ni nish shigo."

"Hita, ɗiyata. Don Allah hita. Wanga ba wurinki ba na."

Ta durƙusa a gaban gadon, wajen ƙafafu.

"Na karanta takardar."

Ana jin numfashinsa, gajere-gajere.

"Rabilu ya ci rantsuwa ke nan."

"Bai ci ba. Ni nik kama su."

"To kin karanta. Allah shi yi maki albarka. Tashi ki tahi."

"Ina son in ga ƙahwar."

"Ba a yi."

"Baba."

"Na ce ba a yi. Na hi son in mutu da mutuncina da in miƙa ma matar ɗana ruɓaɓɓen abu ta riƙa."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Baba, sunan wa gare ni?"

Ya ƙara jan bargon.

"Tun randa anka kawo ni ba ka taɓa kirana matar ɗanka ba. Uwata kake cewa. Gaban dangi kac ce uwata za ta yi aikinta. Yau na zo yin aikina. Da mai sunan na da rai, tac ce Jibo miƙo ƙahwarka in gani, kana hana ta?"

A waje akuya ta yi kuka. Inna da Rabilu sun shigo sun raɓe bakin ƙofa, ba wanda ya yi motsi.

Sai bargon ya ja baya kaɗan. Ƙafar ta fito, a naɗe cikin bandejinta.

Ta kwance a hankali, tana jiƙa inda ya manne. Naɗi na ƙarshe ya fita.

Ba zan bayyana muku duka ba, wasunku na cin abinci. Ƙaramin yatsan da takarda ke magana a kai babu shi ma, ciwon ya cinye shi da na kusa da shi. Rabin tafin ƙafar ya zama wani baƙin tudu mai tsatsar jini. Amma ba wannan ya fi tsorata ta ba. Daga idon sawu zuwa ƙwauri wasu 'yan ƙulalai ne baƙaƙe suka jeru a ƙarƙashin fata, kamar an shuka wake a layi, suna hawa sama.

Ta wanke, ta sa magani, ta naɗe da sabon bandeji. Amma akwai sauran tambaya ɗaya. Wani tsohon lokotoro da ta yi aiki a ƙarƙashinsa ya taɓa gaya mata, irin wannan ciwon in yana ƙasa wuƙa na cim masa, in ya hau gindin cinya ya zauna, to ya riga wuƙa.

"Inna, matso."

Inna ta matso.

"Sa hannunki ƙarƙashin bargo, gindin cinyar wagga ƙahwa. Ni zan juya baya. Ki gaya mani abin da kinka ji."

"Ba sai na sa hannu ba," in ji Inna. "Kaluluwa ta. Ai kowane ciwon ƙahwa na kawo kaluluwa."

"Tun yaushe?"

"Tun azumi."

A'ishatu ta ƙidaya a ranta. Wata bakwai.

"Sa hannun dai. Taushi gare ta ko tauri?"

Ta juya baya. Ta ji motsin bargo.

"Tauri. Kamar goriba."

"Tana gudu in kin tura ta?"

"A'a. Ta kahe wuri guda."

"Guda nawa?"

Inna ta sake lalubawa.

"Da guda ta. Yanzu na ji ukku. Ga wata ƙarama can sama."

"Ba su zahi ko kaɗan," in ji Baba, har da ɗan ƙarfi a muryarsa, kamar mai ba da albishir. "Shi yas sa ban damu da su ba."

A'ishatu ta cije leɓe har ta ji gishirin jini. Da suna zafi da ta ji sanyi, don kaluluwar daji ce ba ta zafi. Rabilu na kallon fuskarta daga bakin ƙofa, ya san matarsa, ya ga abin da ya gani, ya zame ya zauna a ƙasa.

Gadon kara ya yi ƙara. Baba Jibo ya juyo daga bango, ya dafa ya tashi zaune. Tari ya sarƙe shi, ya tare da hannun riga, ya yi maza ya naɗe hannun rigar.

"Uwani."

"Na'am, Baba."

"Tunda kin ga ƙahwa, mi yar rage? Juyo ki dube ni."

Ta juyo. Ta ɗaga kai. Shekara bakwai, yau ta fara ganin fuskar uban mijinta sosai. Ashe yana da tsage uku-uku a kumatu. Ashe idon Rabilu nasa ne. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, amma murmushi yake yi mata.

"Na ji ku bayan rumbu," ya ce. "Kunnena lahiya lau shike. Yatsa guda kinka ce."

"Hakanan anka rubuta, Baba."

"Wauta tawa ta. Ba ta Rabilu ba, ba ta Delu ba, kar ki riƙe su. To ga shi gero ya shiga rumbu, ban da sauran uzuri. Gobe Rabilu shi nemo mota mu tahi. Yatsa ya riga ya tahi, in ƙahwar suke so dut, su ɗauka, na yahe masu. In zauna kusa da Tanimun mu kore kaji tare."

Ya yi 'yar dariya. Ba wanda ya taya shi.

Dariyar ta tsaya. Ya dubi matarsa, ya dubi ɗansa a ƙasa, ya dawo da ido kan A'ishatu, ya daɗe.

"Ke kinka ce ke uwata ta. Da shi kinka ci ni. To uwa ba ta ma ɗanta ƙarya."

Ya miƙo hannu ya dafa kanta.

"In sun yanke, ina tashi?"